Kurege Biyu a Gindin Taka

Shekara hamsin ina gadin lambun nan
a bakin Gash, kogin da ke baƙunta wata uku ya tafi,
suna ɗaya na san shi da shi: ɓarawo.
In na so mutunta shi in ce kurege.
Maƙwabcina Ohaj ya ce sabara,
mu jefe shi da hoge iri ɗaya.

Sai Ihlas, jikata, ta dawo daga jami'a
da keji uku na waya da littafi mai shuɗin bango.
Ta ce, Kaka, ai ba ɗaya ba ne, iri biyu ne.
Na ce, ashe shi ya sa gyaɗata ba ta ganin kaka.

Ta zaunar da ni gindin lemo.
Dubi haƙarƙari, in ji ta.
Wannan farin zane gare shi daga kafaɗa zuwa ƙugu,
kamar an ja masa alli da yatsa guda.
Ya fi girma, ya fi dogon baki,
can cikin muƙamuƙin sama akwai wani ɗan haƙori
da ɗan'uwansa bai gada ba.
Ɗayan na fako ne, ba ruwansa da laima,
ba zane, jikinsa launin sabuwar tukunya,
fari ya kewaye masa ido
kamar wanda ya yi kwalli da gari.

Na ce, wa zai buɗe bakin kurege ya ƙirga haƙora?
Ta nuna mini babban yatsanta, naɗe da tsumma.

Kwana tara muna ɗana keji da dakakkiyar gyaɗa.
Mai zane. Mai zane. Ɓera. Mai zane kuma.
Inuwar Taka ta janye, ta dawo, ta janye.

Ran na goma, Laraba, bayan la'asar,
na ji ihunta daga kwamin albasa.
Ga shi a keji, ja wur, haƙarƙari ba ko ɗigo.
Hannunta na rawa tana rubuta kwanan wata,
har biron ya huda takarda.

Na durƙusa, gwiwa na ƙara.
Ya dube ni, na dube shi.
Bakin wutsiyar nan gundulalle na san shi,
danƙona ya cire shi bara.
Raminsa na bayan matoyar bulon Ohaj,
inda ƙasa ke rina har ƙafar jaki.

Ban ce komai ba. Na ɗauko buta.
Ruwa ya bi ta waya, ja ya gangaro,
sai ga farin nan ya leƙo a hankali
kamar jinjirin wata daren da ake gardama.

Ta daɗe tsaye.
Sannan ta ja layi ɗaya a kan rubutun,
a miƙe, ba ta yage shafin ba.
Ta ce, Kaka, me kake kallo da ban kalla ba?
Na ce, ke iri kika karanta,
ni wannan ɗin na sani.

Marar zanen bai zo ba har hutunta ya ƙare.
Ta ce wataƙila sai can gabas, wajen duwatsun iyaka.
Ta bar mini keji guda.

Jiya a kasuwar Kasala wani ya ce, ya Fallati!
Na waiwaya. Ardo Buba mai madara ya waiwaya.
Modu mai ɗinkin hula ya waiwaya.
Ban yi fushi ba. Ni ma shekara hamsin na yi.

Yanzu in ya fito tsakanin kunyoyi,
hogen na hannuna, amma ido ke riga shi.
Kafin in gama duban haƙarƙari
ya cika kumatu, ya ɗaga wutsiya,
ya shige.